Labarin Allurar Tsai da Balaga

Akwai wata allura da likitocin Turai ke yi wa yaro ko yarinya, in an yi ta sai balaga ta tsaya cik, ta jira. Allurar ba sabuwa ba ce. Shekara da shekaru ba wanda ya damu da ita sai likitoci da waɗanda su ke yi wa magani. Amma daga baya ta kai har gaban manyan alƙalan Ingila da na Amurka, ta raba kan likitoci, ta raba kan iyaye. Labarinta za mu bi tun daga mafari.

Sai dai mu fara daidaita kalmomi, don Hausa ba ta da suna guda na yaran da za mu yi magana a kansu. Akwai mata-maza, watau wanda aka haifa halittarsa ba ta fito sosai ta namiji ko ta mace ba, littattafan fiƙihu kuwa sun daɗe da yin bayanin gadonsa da sallarsa. Akwai kuma ɗan daudu, namijin da ya ɗauki maganar mata da sana'arsu. Yaran wannan labari dabam su ke. Jikinsu sosai na namiji ne ko na mace, amma zuciyarsu ta kafe a kan su ɗaya jinsin ne, har jikin nasu ya zame musu abin baƙin ciki dare da rana. Mai koyon Hausa ya lura kuma da wani abu. A Turanci kana iya yini kana hira da mutum ba ka nuna ko namiji ne ko mace ba, amma a Hausa tun daga "ka kwana lafiya" ko "kin kwana lafiya" ka riga ka yanke hukunci. A nan za mu kira kowa yadda ya kira kansa.

To, abin da ke mai da yaro baligi, ya mai da yarinya budurwa, wani ruwa ne da jiki ke yi ya zuba cikin jini, likitoci suna ce da shi homon. Na maza 'ya'yan maraina ke yinsa, na mata kuwa daga ma'ajin ƙwai ya ke fitowa, kusa da mahaifa. Cikin 1929 aka fara tace na mata. Cikin 1935 wani malami a birnin Amstadam ta ƙasar Holan, sunansa Ernst Laqueur, shi da abokan aikinsa suka tace na maza daga marainan bijimai, suka sa masa suna testosteron. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. Tun daga nan abin da dā ya ke sai jiki ya ga dama ya yi, ya koma cikin kwalba a hannun likita.

Tun kafin haka wani likita Bajamushe, Magnus Hirschfeld, ya buɗe wani gidan bincike a Barlin cikin 1919, inda masu wannan hali su kan je neman taimako. Mutanen Hitila suka fasa gidan cikin Mayu 1933, suka ƙone littattafansa a bainar jama'a. Maganar ta lafa, sai ran 1 ga Disamba 1952, da wata jaridar New York ta buga labarin Christine Jorgensen, wadda aka haifa namiji, har ta yi soja a Amurka, ta tafi Kopanhegan ta ƙasar Denmak aka ba ta homon na mata aka yi mata aikin fiɗa. Duniya ta ɗauka. Bayan wannan aka yi ta buɗe asibitoci na wannan aiki nan da can, ɗaya daga cikinsu a Amstadam, tun farkon shekarun 1970. Amma galibi manya a ke yi wa. 

Ɗaya daga cikin waɗanda suka dubi yaran sosai wata masaniyar halin ɗan Adam ce, Peggy Cohen-Kettenis, wadda ta buɗe musu wurin ganin likita a garin Utrecht cikin 1987. Ta riga ta yi aiki da manyan, ta ga abin da ke damunsu. Wanda ya balaga namiji, muryarsa ta buɗe, maƙogwaro ya fito, kafaɗu suka yi faɗi, gemu ya tsiro, ko an ba shi homon na mata daga baya, muryar ba ta komawa, ƙashi kuma ba ya ragewa. Duk inda ya shiga sai a juyo a dube shi. Wadda ta balaga mace kuwa, nono ba ya ɓacewa sai da wuƙar likita. Sai ta ce a ranta, ai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ta fara da tura 'yan shekara 16 da 17 a ba su homon. Amma ko a wannan shekaru aikin gama ya riga ya gama.

Ashe maganin da ta ke bukata yana nan a ɗakin likitocin yara. Akwai wata larura da ke sa yarinya 'yar shekara biyar ko shida ta fara ƙirgen dangi, har ta ga jini, tun ba ta san komi ba. Tun farkon shekarun 1980 a ke yi wa irin waɗannan yara wata allura. Ga yadda ta ke aiki. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullin nama, bai fi ƙwayar wake ba, shi ne ke aika wa maraina ko ma'ajin ƙwai umurni su fara aiki. Shi kuma ƙwaƙwalwa ce ke tashe shi, ta riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa lokaci lokaci. Allurar nan kama ta ke da wannan ƙwanƙwasa, amma ita ba ta tsayawa, dare da rana. In abin ya yi yawa sai ƙullin ya toshe kunnensa, ya daina aika kowa. In an bar allurar, bayan 'yan watanni ya farka, balaga ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Cikin 1998 Cohen-Kettenis da wata abokiyar aikinta suka buga labarin yaro na farko. An haife shi mace, an fara yi masa allurar yana da shekara 13, aka ba shi testosteron yana da 18. Bayan shekara 22 da fara maganin aka sake nemansa, aka tarar yana zaune lafiya yana aikinsa, bai yi da-na-sani ba, ko da ya ke yana jin kunyar tsiraicinsa, abin kuma ya hana shi sakewa a sha'anin soyayya. Cikin 2006 ita da wata likitar yara ta Amstadam, Henriette Delemarre-van de Waal, suka rubuta ƙa'idar aikin, wadda duniya ta sani da sunan tsarin Holan: allura daga shekara 12 in balaga ta soma, homon daga 16, fiɗa daga 18. Ba kowane yaro su ke karɓa ba. Sai wanda abin ya daɗe tare da shi tun yarinta, ya kuma ƙaru da zuwan balaga, wanda ba shi da wani ciwon hankali mai nauyi, wanda iyayensa ke bayansa. Su kan yi wata da watanni suna ganawa da yaro kafin su yarda. Dalilin wannan tsanani shi ne, binciken da aka yi a dā ya nuna ƙananan yara da yawa masu irin wannan hali su kan bar shi da kansu in sun girma, ko da ya ke an yi gardama daga baya kan yadda aka ƙidaya yaran. Likitocin Holan suka ce allurar tana yi wa yaro amfani biyu: ta hana jiki yin abin da ba ya warwaruwa, ta kuma ba shi lokaci ya yi tunani.

Mai karatu ya riƙe wannan magana ta lokacin tunani, don a kanta rigimar za ta tsaya.

Cikin 2011 suka ba da sakamakon yara 70. Baƙin ciki ya ragu, halinsu a gida da makaranta ya gyaru, amma ƙin jikin yana nan, kuma duka 70 ɗin sun wuce zuwa homon, ba wanda ya juya. Cikin 2014 suka sake ba da labarin 55 daga cikinsu, bayan fiɗa da shekara guda ko fiye. Ƙin jikin ya tafi, jin daɗin zamansu daidai da na tsararrakinsu, ba wanda ya ce ya yi nadama. Sakamako ne mai kyau, ba shakka. Amma 15 ba su shiga lissafin ba, saboda dalilai dabam dabam, ɗaya daga cikinsu ma rasuwa ta yi, ciwo ya shiga wurin da aka yi mata fiɗa. Akwai kuma wani giɓi wanda ko manomi ya san shi. In kana son ka san amfanin taki, sai ka raba gona biyu, ka zuba wa rabi ka bar rabi, ruwan sama ɗaya, iri ɗaya, sa'an nan ka auna da kaka. A Amstadam ba a bar rabin gona ba. Duk yaran an yi musu allura, duk kuma an yi ta lallashinsu ana sauraronsu, ga iyaye masu goyon baya. Wanne ne ya yi aikin, allurar ko kulawar, ko kuwa girma ne kawai? Lissafin ba zai iya faɗa ba.

Duk da haka tsarin ya yi tafiya. Cikin 2007 wani likita, Norman Spack, ya kai shi asibitin yara na Bostan a Amurka, cikin 2009 kuma babbar ƙungiyar likitocin homon ta sa shi cikin littafin shawarwarinta. A Landan akwai wurin ganin irin yaran nan tun 1989, wanda ya koma ƙarƙashin asibitin Tavistock, a lokacin shi kaɗai ke ɗauke da Ingila da Wales duka. Cikin 2011 suka fara gwada allurar a kan yara 44 'yan shekara 12 zuwa 15. Cikin 2014, tun ba a buga sakamakon gwajin ba, suka mai da allurar magani na yau da kullum. Sakamakon bai fito a mujallar masana ba sai 2021, ga abin da ya ce: in an haɗa yaran jimla, hankalinsu bai ƙara kwanciya ba, bai kuma ƙara tashi ba, 43 daga cikin 44 kuwa sun wuce zuwa homon. A ganina babban laifin da ke cikin labarin nan duka ke nan. Wanda ya ce zai gwada kaya, ya kama sayarwa tun bai duba ma'auni ba, ya ɓata wa kansa, ya kuma ɓata wa yaran da maganin zai yi wa amfani da gaske, don ran da aka tambaye shi hujja hannunsa wayam.

Ana cikin haka sai yaran da ke zuwa suka sake. A shekarar lissafi ta 2009 zuwa 2010, yara 97 aka tura Tavistock. A ta 2018 zuwa 2019 sun wuce 2,500, a ta 2021 zuwa 2022 sun wuce 5,000. Dā yawancinsu waɗanda aka haifa maza ne, abin ya fara musu tun suna ƙanana. Yanzu sai ga kimanin biyu cikin uku waɗanda aka haifa mata ne, da yawa kuwa sai da balaga ta kama abin ya bayyana, ga su da waɗansu larurori, kamar ciwon baƙin ciki, da fargaba, da wadda a ke kira otizim, mai hana yaro sabawa da mutane. Waɗansu masana sun ce dā ma yaran suna nan, tsoro ne ya ɓoye su. Waɗansu sun ce akwai hannun intanet da abokai, da wahalar da 'yan mata ke sha lokacin balaga. Ko wanne ne, waɗannan ba su ne yara 70 da aka zaɓa ɗaya ɗaya a Amstadam ba. Ɗaya daga cikin masu binciken Amstadam ɗin da kansa, Thomas Steensma, ya faɗa wa wata jaridar Holan cikin 2021 cewa sauran ƙasashe na ɗaukar aikinsu ido rufe, ya kamata kowa ya yi nasa binciken. A lura dai, ba kowane yaro da ya je Tavistock aka yi wa allura ba. Kimanin ɗaya cikin huɗu aka tura wurin likitocin homon, dubbai kuwa suka yi shekaru a layi ba wanda ya ko gan su.

Daga nan maganar ta tafi kotu. A Ingila akwai wani tsohon hukunci na 1985, na ƙarar wata uwa, Victoria Gillick, wadda ba ta yarda likita ya ba 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 16 maganin hana ciki ba da sanin iyaye ba. Manyan alƙalai suka ce ba ƙidayar shekaru kaɗai a ke dubawa ba, in yaro ya gane maganin sosai da abin da zai biyo baya, yardarsa ta isa. To, sai ga Keira Bell, wadda aka fara yi wa allura tana da shekara 16, ta sha testosteron, aka yanke mata nono tana da 20, daga baya ta koma zama mace, ta kai asibitin ƙara, ta ce ya kamata a ce an ja ta da tambaya fiye da yadda aka yi. Ran 1 ga Disamba 2020 Babban Kotu ya ce da ƙyar ne ɗan shekara 13 ya iya ba da irin wannan yarda, na 14 da 15 ma akwai shakka. Cikin Satumba 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ya rushe wannan, ya ce auna hankalin yaro aikin likita ne, ba na alƙali ba.

Bahaushe zai gane ƙullin nan da sauri, don a wurinsa balaga ce ƙofar hankali, sai yaro ya balaga a kan ce alƙalami ya hau kansa. Allurar nan kuwa amfaninta duka a bakin ƙofar ya ke. Yaron da aka tsai da balagarsa tun da fari, aka wuce da shi kai tsaye zuwa homon na ɗaya jinsin, maniyyinsa ko ƙwansa bai nuna ba, yana yiwuwa ba zai haihu ba har abada. Watau ana tambayar ɗan shekara 12 ya sallama abin da bai taɓa so ba tukuna, balle ya san zafin rashinsa. In kuwa an ce ya jira hankali ya zo, balagar da za ta kawo hankalin ita ce za ta sake masa jiki yadda ba ya gyaruwa. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa ba na yarda da mai cewa a bar yaro haka nan ba a yi komi ba, don barin ma yin wani abu ne, da nasa tsadar.

Har lissafi guda ma ya kan ba da shaida biyu. Cikin 2022 likitocin Amstadam suka bi sawun mutum 720 da suka fara da allura suna yara suka wuce zuwa homon, suka tarar 98 cikin 100 suna nan suna shan homon ɗinsu. Masu goyon baya suka ce kun gani, likitoci sun iya zaɓe, yaran kuma sun san kansu. Masu shakka suka duba yara 70 na Holan da 43 na Landan, suka ce in kusan kowa ya wuce gaba, ina lokacin tunanin da aka yi alkawari? Watakila allurar ce da kanta ke riƙe yaro a kan hanyar, tun da ta hana shi balagar da a cikinta waɗansu ke sake ra'ayi.

Ƙasashen arewacin Turai su suka fara ja da baya, Finlan cikin 2020, Suwidin cikin 2022, suka ce a fara da maganin zuciya, allura sai a kan 'yan kaɗan. A Ingila aka ɗora wa Hilary Cass, tsohuwar shugabar ƙungiyar likitocin yara, ta bincika. Ta sa malaman Jami'ar York suka tattara duk abin da aka rubuta kan allurar, suka sami bincike 50: ɗaya mai ƙwari, 25 matsakaita, 24 raunana. Rahotonta ya fito ran 10 ga Afrilu 2024. Ta ce an tabbata allurar na tsai da balaga, an kuma tabbata ƙashi ba ya yin ƙwarin da ya kamata muddin ana yinta, amma ba a sami hujja mai ƙarfi ba cewa tana kwantar da hankali ko tana hana yaro kashe kansa, abin da ta ke yi wa ƙwaƙwalwa mai girma kuma ba a auna shi sosai ba. Ta ba da shawara kada a yi ta sai cikin gwaji mai tsari, homon kuma daga shekara 16 sai da matuƙar hattara. An rufe wurin na Tavistock a ƙarshen Maris 2024, cikin Disamba kuma gwamnati ta hana sayar da allurar don wannan larura ga 'yan ƙasa da 18, ba ta sa ranar ɗagewa ba.

Ba duk likitoci suka yarda da ita ba. Masu suka sun ce magungunan yara da yawa a kan irin wannan hujja mai rauni su ke tsaye ba wanda ya hana su. Sun ce kuma raba gona biyu da wuya a nan, don yaron da aka yi wa allurar ruwa zalla zai gane cikin 'yan watanni, da ya ji muryarsa ta fara buɗewa, ba kuwa zai zauna a ci gaba da gwaji da shi ba. Cikin Maris 2025 ƙungiyoyin likitocin Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka fitar da nasu tsarin, suka bar ƙofar allurar a buɗe bayan bincike mai zurfi a kan kowane yaro.

A Amurka kuwa maganar hannun 'yan siyasa ta faɗa. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta goyi bayan maganin cikin 2018, ta sake nanatawa cikin 2023. Jihar Arkansas ta fara kafa dokar hani cikin 2021, kafin 2025 jihohi fiye da 20 sun bi ta. Iyalan waɗansu yara a jihar Tenesi suka kai ƙara, gwamnatin tarayya ta lokacin ta shiga bayansu. Hujjarsu ita ce, yaron da aka haifa namiji ana ba shi testosteron in balagarsa ta yi jinkiri, wanda aka haifa mace an hana shi, to, wannan bambanci ne na jinsi. Ran 18 ga Yuni 2025 Kotun Ƙoli ya yanke hukunci, alƙalai shida suka rinjayi uku. Masu rinjaye suka ce dokar shekaru ta duba da larurar da a ke yi wa magani, tun da kuwa likitoci ba su daidaita ba, sai a bar wa wakilan jama'ar kowace jiha. Alƙaliya Sonia Sotomayor, ɗaya daga cikin ukun, ta karanta ƙin yardarta da bakinta a zauren kotu, dokar Tenesi kuwa ta tsaya.